Tambaya ga malamai: ta yaya ake gane shugaban makaranta yana tafiya da mutanensa da gaske?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum malamai da iyayen yara na wannan zaure. Don Allah ina da tambaya, kuma amsa nake so ta gaskiya daga waɗanda suka ga jiya suka ga yau, ba irin amsar da ake ba mu a wajen bita ba.

Ni mataimakin shugaba ne ɓangaren karatu a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a nan gefen garin Sakkwato, ba sai na faɗi suna ba. Duk bitar da aka kira mu yanzu magana ɗaya ce, wai shugaba kar ya ƙanƙame komai shi kaɗai, ya jawo malamai da iyaye da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'ummar gari mai kula da makaranta, har da ɗalibai a tafi tare. To mun ji kuma mun yarda. Amma in masu duba makarantu suka zo me suke buɗewa? Littafin sa hannu, log buk, rajista, dayari, lesin not, sai littafin minit na mitin. Da sun ga an rubuta minit an sa hannu shikenan an ci maki, wai akwai haɗin kai. Alhali kowa a nan ya san minit abu ne da mutum ɗaya zai iya zama a ofis ya rubuta na zango guda cikin dare ɗaya, ya bi malamai su sa hannu da safe.

Abin da ya kawo maganar, firinsifal ɗinmu mutumin kirki ne gaskiya, shi da bakinsa ya ce in tsara mana wata hanya da za mu auna kanmu a ƙarshen wannan zango, mu shugabannin, shi da mu mataimaka da siniya masta da shugabannin sassa, mu gani shin tafiyar tare muke yi ko kuwa da baki ne kawai. Na zauna zan rubuta sai na ga ban san ta inda zan kama ba. Sakamakon jarabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare zan duba? Ai wannan ya danganta da irin yaran da firamare ta turo mana. Malamai zan tambaya? Wa zai kalli maigida ya ce masa ba ka iya ba. Yawan mitin zan ƙirga? Na riga na faɗi matsalarsa.

Wanda ya taɓa yin irin wannan ko ya ga inda aka yi ya taimaka. Na gode.

Tsohon Sufeto:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah shi yi ma albarka kai da maigidan naka, don shugaban da zai ce a zo a auna shi ba su da yawa. Ni na yi aikin duba makarantu har nib bar aiki, tun ana ce muna sufetoci kahin a sake muna suna, na shiga makarantun Gwadabawa da Wurno da Bodinga da Yabo, kuma fom ɗin ga da kake magana na cika irinsa ba adadi. In hwaɗa ma gaskiya, ba da fom nike gane makaranta ba.

Abu na hwarko, ni ranar da hedimasta ba shi nan nike son zuwa. In na iske an buga ƙararrawa kan lokaci, an yi asambuli, ajin da malaminsa bai zo ba wani ya shiga ya riƙe, mataimaki ya san inda mabuɗin sito yake, ya san an kawo littattafai kwali nawa kuma wane aji anka ba, to wannan makaranta an raba aiki cikinta. In ko na iske malamai gindin dogon yaro suna hira, ɗiya suna ta guje-guje, duk abin da nit tambaya a ce sai HM, wato hedimasta, ya dawo, alli ma shina kulle cikin durowa tai, to ko minit ɗinsu ya cika akwati na san mutum guda ad da makarantar. Kuma ka lura, irin wanga shugaba sau da yawa ba malalaci ba na. Shi ka riga kowa zuwa, shi ka bari daga baya, shi ka shara in ta kama, mutanen gari suna ta yabo nai. Amma ranar da anka yi mai canjin wurin aiki sai makarantar ta zauna ƙasa warwas, don bai koya ma kowa komi ba.

Na biyu, littafin minit ɗin da ka raina shina da amfani in ka san abin da kaka nema ciki. Kada ka ƙirga mitin. Nemi wuri guda inda shugaba yaz zo da ra'ayi, wani malami yac ce a'a, kuma anka bi na malamin. In ka karanta na shekara guda cur ba ka ga haka ba ko sau ɗaya, to sanarwa aka yi musu ba shawara ba. Sannan ka ɗauki abu ukku da anka yanke a mitin na zangon da yaw wuce ka bi sawunsu, wa anka ɗora ma, ya yi ko bai yi ba, an sake tada maganar a mitin na gaba ko ta bi iska.

Na ukku taimtebul. Wa yat tsara shi? In ka ga sabbin malamai da 'yan bautar ƙasa su anka jibga ma darussan bayan tara, ga zahin Sakkwato na watan huɗu da na biyar, manya kuma duk nasu na sahe na su gama su tahi kasuwa, to ka san yadda ake rabon a wurin. Taimtebul ba shi ƙarya.

Sakamakon jarabawa kuwa ka duba shi amma kada ka hau kai ka zauna. Mu da munka yi aikin ga mun san yadda wasu wurare ke samun sakamako mai kyau, ba sai na buɗe ba. Abin da yaf fi shi, ku gwada ɗiyan da kanku farkon shekara ku sake gwada su ƙarshe, ku ga inda sunka tashi da inda sunka kai.

Ɗan Rima:

Baba Sufeto Allah ya ƙara lafiya, maganarka dutse ce. Amma ni fa ina da ja a kan tambayar ita kanta. Wane shugabanci za a auna a inda shugaban ba shi ya ɗauki malami ba, ba shi ke biyansa ba, ba shi da ikon canza shi, in ma ya kai ƙarar wanda ba ya zuwa aiki sai a bugo masa waya daga sama a ce ya yi haƙuri yaron wane ne? Aji ɗaya yara sun cika har bakin ƙofa wasu a ƙasa, malamin Turanci ɗaya tal, rufin aji iska ta yaye tun damina. A gabashin jiha, su Isa da Sabon Birni, malami tunanin yadda zai je ya dawo lafiya yake yi. A ƙarshen 2015 gwamnatin Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, an kafa kwamiti har Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya jagoranta, duk don an san matsalar ta fi ƙarfin hedimasta. Ni a ganina a fara ba mutum kayan aiki tukuna sannan a zo da ma'auni. In ba haka ba wani sabon fom ne kawai za a ƙara mana a kan waɗanda muke cikewa.

Hajiya HM:

Ɗan Rima ƙanena, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ni ma a cikinsa nake kwana nake tashi. Amma ka je ka dubi makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, albashi ɗaya, rashin kujeru ɗaya, sakataren ilimi ɗaya, ka tarar ɗaya yaran aji uku suna haɗa baƙi suna karanta Hausa, ɗayar kuwa na aji shida ba ya iya rubuta sunansa. To wannan bambancin daga ina ya fito? Shi Malam yake so ya auna, kuma yana aunuwa.

Ni firamare nake riƙe da ita, don haka Malam sai ka ɗauki wanda ya dace da ku. Lokacin shirin NEI Plus da aka fara a 2015 a Sakkwato da Bauchi, wanda ya kawo littattafan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku, abin da ya fi tsaya mini a rai ba littafin ba ne, tsarin da aka koya mana ne na a shiga aji a zauna a baya a kalli darasi daga farko har ƙarshe, a fito a zauna da malamin a yi magana cikin mutunci, sannan malamai su riƙa haɗuwa su da kansu suna gwada darasi a gaban juna. Shiri ya ƙare, alawus ya ƙare, wurare da yawa abin ya mutu tare da shi. Mu dai mun riƙe na kallon darasin, kuma na ce ba ni kaɗai zan riƙa shiga ba, malama ta shiga ajin malama, ni ma ranar da nake koyarwa a zo a kalle ni a gaya mini inda na yi sauri. Da farko kamar za a yi faɗa, kowa gani yake an zo kama shi ne. Yanzu su ke cewa Hajiya zo ki ga yadda na ɓullo wa yaran nan da ba sa gane harafi.

Don haka tambayar da zan ba ka ka sa a takardarka ita ce, a wannan zangon sau nawa wani ya kalli darasinka ya ba ka shawara, kuma kai sau nawa ka kalli na wani? In amsar yawancinsu babu ce, to komai yawan kwamitocinku na wasanni da na walwala da na ladabtarwa, haɗin kan bai shiga aji ba tukuna, a baranda ya tsaya.

Sai maganar mata, don na ga ku maza ba za ku tuna ba. A mitin na malamai a nan garin, malama ƙarama ba za ta ɗaga hannu ta musa wa firinsifal a gaban maza ba, wani ma sa'an babanta ne, wani malaminta ne a kwalejin Shehu Shagari. Za ta yi shiru, a rubuta a minit cewa kowa ya amince, a fito ta same ni a gefe ta ce Hajiya wallahi abin nan ba zai yiwu ba, kuma sau tari ita ke da gaskiya don ita ke cikin ajin. In kuma an sa mitin bayan tashi, rabinsu hankalinsu na gida ga girki ga ɗauko yara daga Islamiyya. To ka duba su wa ke magana a mitin ɗinku, ka duba lokacin da ake sa shi. Ka sa wani ya zauna da biro ya riƙa yin alama duk wanda ya yi magana, za ka sha mamaki, mutum huɗu ne ko biyar kullum.

Kuma mu a Sakkwato bai kamata a ce sai Bature ya koya mana wannan ba. Nana Asma'u 'yar Shehu da ta ga ba za ta iya kaiwa ga matan ƙauyuka duka ba ai jajjai, wato jagororin mata masu koyarwa, ta naɗa, ta koyar da su ta ɗaura musu malfa, su kuma su je su koyar da 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, a garuruwansu su dawo mata da tambayoyi. Ta rasu tun 1864 amma tsarin bai bi ta kabari ba, ya ci gaba a hannun waɗanda ta horar.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne, akwai shugaban da ke fakewa da shawara don gudun ɗaukar nauyi. Komai ƙanƙantarsa sai ya ce a kafa kwamiti, malami ya yi sati bai zo ba a kafa kwamiti, don kar a ce shi ya yi. Wannan ba tafiya tare ba ce, tsoro ne. Akwai abin da dole HM ta yanke ita kaɗai ta sha baƙin jinin.

Abu Hanifa UDUS:

Salam. Ina bin zaren nan tun safe, kuma abin da ya burge ni shi ne Baba Sufeto da Hajiya sun faɗi kusan abin da masu bincike suka daɗe suna rubutawa, sai dai su da gogewa suka gano shi. Bari in ɗan ƙara ta ɓangaren karatu tunda fannin da nake ciki kenan.

A 2004 Kenneth Leithwood da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan shugabancin makaranta, suka ce a cikin abubuwan da ke cikin makaranta masu tasiri ga karatun yaro, koyarwar aji ce ta ɗaya, shugabanci ke bi mata. A 2008 kuma Viviane Robinson ta ƙasar Niyu Zilan da abokanta suka rarrabe ayyukan shugaba don su ga wanne ya fi taɓa sakamakon ɗalibai, sai wanda ya zo a sama ya zama shugaba ya tsaya a kan ƙaruwar ilimin malamansa kuma shi ma ya zauna a cikinsu ana koyo da shi. Wato dai abin da Hajiya ta ce, har da a zo a kalli darasinta. Rahoton UNESCO na ilimin duniya da ya fito a 2024 ma jigonsa shugabanci ne, kuma haɗa kan ma'aikata na cikin ayyuka huɗu da ya ce su ne na shugaban makaranta.

A kan ma'auni kuwa, akwai wanda zai yi maka amfani ka san da shi. A jami'ar Wisconsin ta Amurka, Richard Halverson da Carolyn Kelley sun tsara wani da ake kira CALL. Hikimarsa ita ce ba mutum yake aunawa ba, aiki yake aunawa. Ba a tambayar malami shin firinsifal ɗinka nagari ne, ana tambayarsa me ke faruwa a makarantar nan idan kaza ya taso, kuma kowa da kowa ke cikewa, shugaba da malamai da sauran ma'aikata. Ya kasa abin gida biyar, mai da hankali ga koyo, bibiyar koyarwa da koyo, gina zaman koyon juna tsakanin malamai, samo kayan aiki da rabonsu, sai tsaron muhallin karatu. Ban ce ka kwafo shi ba, an yi shi ne don makarantun da ke da kwamfuta da intanet da malamai isassu. Dabarar za ka ara.

Misali maimakon ka rubuta "Shugaba yana shawara da malamai, e ko a'a", wanda kowa zai ce e don a zauna lafiya, sai ka rubuta, lokacin da aka raba darussa a farkon zangon nan yaya aka yi? Na ga sunana a allo kawai. An kira ni an gaya mini. An tambaye ni kafin a yanke. Mun zauna a sashenmu mun raba da kanmu. Mutum ya zaɓi ɗaya. Ko ka ce, idan yaro ya faɗi gwaji biyu a jere me ke biyo baya? Babu komai, ko malamin darasin shi kaɗai ke fama, ko ana zama da fom masta, ko har iyaye ake kira. Ka ga a nan ba wanda ya zagi maigida, labarin abin da ya faru kawai ya bayar, kuma wannan ya rage matsalar kunya da tsoron da ka ambata.

Sannan shi ma firinsifal da ku mataimaka ku cike takardar iri ɗaya, a ware taku daban. Inda za ka samu abin da kake nema shi ne tazarar da ke tsakani. In ku shugabanni duk kun zaɓi "an tambaye ni kafin a yanke" malamai kuma suka taru a kan "na ga sunana a allo", to ba sai an kira kowa daga jami'a ya fassara muku ba. Kar tambayoyin su wuce goma sha biyu zuwa sha biyar, in sun yi yawa mutane za su yi ta dangwala alama ne kawai su tashi.

Ɗan Rima kuma, ina tare da kai rabi. Bai halatta a auna shugaba da abin da ba ya hannunsa ba, kamar yawan malamai ko gini. Shi ya sa tambayoyin za su tsaya a kan abin da ke hannunsa, rabon aiki, rabon ɗan abin da ya shigo, lokacin malamai, da yadda labari ke yawo a makarantar.

Baban Nana:

Ni ba malami ba na, ɗinki nike yi, amma ina cikin SBMC na makarantar unguwarmu kuma ɗiyana ukku na ciki, don haka ku yi haƙuri in sa baki. Duk kun yi maganar malamai, to mu hwa?

Yadda anka bayyana muna, kwamitin ga an kafa shi don gari shi san makaranta tasa ta, akwai wakilin mai unguwa ko uban ƙasa, akwai liman, akwai mata, akwai tsofaffin ɗalibai, akwai masu sana'a irina, har yara biyu namiji da mace, shugaban kwamiti daga cikin gari, hedimasta shi ne sakatare. Lokacin shirin karatun ɗiya mata na UNICEF da anka yi nan jihar daga 2012, kwamitoci da ƙungiyoyin uwaye mata sun yi aiki ƙwarai, gida gida aka bi ana maido yara. Amma wurare da yawa yanzu ba a tuna mu sai in kuɗi za su shigo ana son sa hannun ciyaman, ko iska ta kwashe kwano ana son a yi karo-karo.

To Malam in za ka auna, ga tawa gudummuwa. Ka tari mutum ukku na kwamitinku daban daban, ban da ciyaman, ka tambaye su nawa ne cikin asusun makaranta kuma mi anka saya da na baya. In sun sani, ko da kusa da kusa ne, to ana tahiya da su. Mu wurinmu sabon HM da yaz zo sai ya riƙa liƙa takardar shige da ficen kuɗi jikin bangon ofis daga waje, da Hausa, kowa ya karanta, har na alli da tsintsiya. Wallahi tun daga nan in an ce a kawo gudummuwa mutane ba su jan ƙafa kamar da. Kuma shi yat tambaye mu mi ke hana yara zuwa ranar kasuwa da lokacin cirar albasa, munka zauna da iyaye anka samu matsaya. Ba a taɓa tambayarmu irin wagga tambaya ba sai a kansa.

Yaran nan biyu na kwamiti kuma a daina zaunar da su kamar hoto. A tambaye su bayan an tashi, ba gaban manya ba, wane malami ka shiga aji wane ba shi shiga. Sun fi kowa sani.

Malamin Lissafi:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Na kwafe duka. Abin da na tsayar yanzu, takardar tambayoyi irin ta Malam Abu Hanifa ga malamai da mu, bin sawun abubuwan da aka yanke a minit kamar yadda Baba ya ce, tambayar Hajiya ta kallon darasi, sai 'yan kwamiti da maganar asusu. Ta yara ce nake ɗan jin tsoro, kar malamai su ce mun sa ɗalibai leƙen asirinsu, sai na yi shawara da maigida tukuna.

Saura abu ɗaya. Mu ba mu da yawa, kuma ni ke duba lesin not ɗin kowa, rubutun kowa na sani ko cikin duhu. Ko an ce kar a sa suna za su ce ai Malam zai gane. Sannan in mun gama, mu tura sakamakon ofishin shiyya ne ko mu ajiye?

Tsohon Sufeto:

Kada kowa shi rubuta komi, alama kawai za a yi, kuma ka sayo biro iri ɗaya ka raba. A sa kwali a sitaf rum, kai da firinsifal ku hita waje. Masu ƙirgawa su zan malami guda da malama guda da malamai sunka zaɓa da kansu, a haɗa da mutum guda na SBMC irin su Baban Nana, su kawo muku jimilla kawai su ƙone takardun.

Maganar turawa sama, ni dai ban ba ka shawara ba, aƙalla ba yanzu ba. Ranar da malamai sunka ji takardar za ta ofis, kowa zai cika abin da zai fidda makaranta kunya, kai ma haka za ka yi. Ku karanta sakamakon gaban malamai duka a mitin na buɗe zango, firinsifal shi karanta da bakinsa har wuraren da ba su yi mai daɗi ba, ku ɗauki abu biyu kacal ku ce waɗanga za mu gyara, a sake cika takardar ƙarshen zango na gaba. In kunka tambayi mutane sannan ba su ga an taɓa komi ba, karo na biyu ba mai ba ku gaskiya.

Na yara kuma bar shi sai zango na biyu ko na ukku, in malamai sun ga abin bai ci kowa ba.

Ɗan Rima:

To Baba na sauko amma ba duka ba. Malamin Lissafi don Allah in kun yi ka dawo zaren nan ka gaya mana, musamman ta rabon darussan nan, ina so in ji abin da 'yan bautar ƙasarku za su zaɓa. Kuma ka turo mini tambayoyin ta inbok in ka gama tsarawa, zan gwada nuna wa namu maigidan in ga fuskarsa.